Yadda Ake Zaɓen Maragin Sauti Marar Wuta Don Kayan Kiɗa Na Gida

Duk wanda ya haɗa kayan sauraron kiɗa na gida daga na'urori daban-daban, tushen sauti (na'urar da kiɗa yake fitowa daga cikinta) daban, babbar amfilifaya daban, lasifikoki daban, dole ne ya tanadi wani abu a tsakaninsu da zai riƙa ɗaga ƙara ko sauke ta. A da wannan aiki ne na ƙaramar amfilifayar share fage, wadda ake jonawa da wuta, take karɓar sigina mai rauni daga rediyo ko kaset ko garmaho ta ninka ƙarfinta kafin ta miƙa wa babbar. Bayan fitowar faifan CD a 1982 al'amarin ya sauya, domin na'urorin CD, da kuma na'urorin DAC na yanzu masu mayar da lambobin kwamfuta zuwa sauti, mafi yawansu suna fitar da kimanin bolt 2, alhali yawancin manyan amfilifayoyi ba sa buƙatar fiye da bolt 1 zuwa 2 kafin su kai maƙurar ƙarfinsu. A irin wannan tsari abin da ake nema shi ne ragewa kawai, kuma nan ne maragin sauti marar wuta ya samu gurbi. Ɗan akwati ne mai mamurɗi, babu taransisto ko bawul (ƙwan gilashi mai ninka sigina) a hanyar da sigina ke bi a cikinsa, aikinsa tamkar na kan famfo ne, yana tsuke abin da ya zo masa amma yawancinsu ba sa iya ƙara ko ɗigo ɗaya.

Wannan sauƙi nasa shi ne yake sa mutane su saya ba tare da lissafi ba. Tun da ba shi da ƙarfin kansa, halinsa ya rataya ne kacokan a kan na'urar da ke gabansa, da wadda ke bayansa, da kebul ɗin da ya haɗa su. Maragi guda zai iya ba da sauti tas a wani tsari, a kai shi wani tsarin ya dusashe siririn sauti ko ya zaftare kaurinsa, alhali babu abin da ya lalace a cikinsa. Saboda haka a ganina zaɓen ya kamata ya fara da biro da takarda, maganar sunan kamfani da kyan akwati ta biyo baya.

Mataki na farko: a tattara lambobi biyar

A ɗauko littafin bayanin kowace na'ura, ko a nemo shi a shafin kamfanin da ya ƙera ta, a rubuta waɗannan abubuwa. Daga tushen sauti ana buƙatar biyu: yawan bolt ɗin da yake fitarwa idan sauti ya kai maƙura, da turjiyar fitarsa, wato yadda yake tsaurara wa lantarki wucewa, wadda ake aunawa da om. Na'urori masu taransisto galibi suna tsakanin om 50 da om 600, masu bawul kuwa sukan kai om 1,000 ko 2,000, wasu ma su wuce. Daga amfilifaya ma biyu ake buƙata: turjiyar shigarta, wadda yawanci take tsakanin kilo'om 10 da kilo'om 100 (kilo'om ɗaya om 1,000 ne), kuma kilo'om 47 ita ce aka fi cin karo da ita, sai kuma ninkinta, wato sau nawa take ninka siginar da ta shigo. Wasu kamfanoni suna rubuta ninkin da desibel, ma'aunin kwatanta ƙarfin sigina ko sauti, wasu kuma suna rubuta yawan bolt ɗin da zai kai ta cikakken ƙarfi, kuma ko wanne aka samu ya wadatar. Lamba ta biyar ita ce tsawon kebul daga inda maragin zai zauna zuwa amfilifaya, tare da riƙon cajinsa, wanda ake aunawa da fikofarad a kowace mita. Idan ba a rubuta ba, a ɗauka fikofarad 100 a mita ɗaya, domin kebul na yau da kullum a nan yake.

Mai tushe fiye da ɗaya sai ya rubuta na kowanne, ya ja layi a ƙarƙashin wanda ya fi raunin bolt da wanda ya fi yawan turjiyar fita, domin da su za a yi hukunci.

Mataki na biyu: a tabbatar ƙarfin tushe ya isa

Idan wannan mataki bai wuce ba, babu amfanin ci gaba. Ga yadda lissafin yake. Domin a san bolt nawa amfilifaya take aika wa lasifika a cikakken ƙarfi, a ninka wat da om, sannan a nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan sakamakon. Amfilifaya mai wat 100 a kan lasifika mai om 8 ta ba da 800, lambar da ake nema kuwa ita ce 28.3, ke nan bolt 28.3 take fitarwa. Idan ninkinta desibel 26 ne, wato sau 20, tana buƙatar bolt 1.4 a mashigarta. Idan desibel 29 ne, wato kusan sau 28, bolt 1 ya ishe ta. Tushe mai bolt 2 ya wuce buƙatar duka biyun, da rarar desibel 3 a ta farko da desibel 6 a ta biyu.

Rara tana da muhimmanci, domin ba kowane faifai aka naɗa da ƙara ɗaya ba. Tsofaffin naɗe-naɗe da kiɗan da ke da sanyi da tashi a cikinsa sukan zo ƙasa da waƙoƙin zamani nesa ba kusa ba, kuma manhajojin sauraro ta intanet irin su Spotify suna da tsarin daidaita ƙarar waƙoƙi wanda yake sauke masu ƙarfin. Sai dai kuma kada a tsorata da cewa dole sai an kai amfilifaya maƙura. Lasifika mai ba da desibel 87 a nisan mita ɗaya daga bolt 2.83, wanda shi ne wat ɗaya a om 8, ta riga ta cika ɗaki madaidaici da sauti. Domin samun wannan wat ɗaya daga amfilifaya mai ninki sau 28, bolt 0.1 kacal ake buƙata, wato a sauke bolt 2 na tushe da desibel 26. Wannan ne dalilin da ya sa yawancin sauraro a gida yake faruwa tsakanin ragin desibel 20 da 40, kuma a riƙe wannan, domin zai yi amfani a gaba.

Inda aka fi samun cikas wuri uku ne. Na farko garmaho: allurarsa tana ba da kimanin milibolt 5 ne, wato kashi 5 cikin 1,000 na bolt, idan mai maganaɗisu mai motsi ce, kuma amfilifayar garmaho mai ninkin desibel 40 za ta kai wannan zuwa rabin bolt ne kawai, wanda ya yi kaɗan ga amfilifayar da ke neman bolt 1.4, musamman idan lasifikokin masu nauyin ji ne. Na biyu wayar salula da ƙananan na'urorin hannu, waɗanda da yawansu ba sa wuce bolt 1. Na uku amfilifayoyin da aka ƙera da ƙaramin ninki, kamar desibel 20 ko ƙasa da haka.

Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo ga mai DAC da ke da mamurɗin ƙara na dijital. A sauke shi ƙasa can, a haɗa DAC ɗin kai tsaye da amfilifaya, a riƙa ɗagawa sannu a hankali har a kai ƙarar da ta fi kowace da ake so, da faifan da ya fi kowane sanyi. Idan allon ya nuna saura desibel 6 ko fiye kafin maƙura, ƙarfi ya isa.

Mataki na uku: a zaɓi ƙimar turjiyar maragi

Nan ne zuciyar al'amarin, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Maragin da aka yi da rezista, ƙaramin kayan lantarki mai rage gudun wuta, ana sayar da shi da ƙima daban-daban, kilo'om 10, 20, 25, 50 ko 100, kuma wannan lamba tana jan igiya ta fuska biyu masu adawa da juna. Tushe yana son ta yi yawa, domin kada a ɗora masa nauyi. Amfilifaya da kebul kuwa suna son ta yi kaɗan. Ƙa'idar da masu harkar suka saba bi ita ce a kowace mahaɗa turjiyar mai karɓa ta ninka ta mai bayarwa aƙalla sau goma.

A fara da fuskar tushe. Abin da tushe yake gani ba ƙimar maragi kaɗai ba ce. Idan aka murɗa maragin zuwa ƙarshe, turjiyarsa da ta amfilifaya suna tsayawa kafaɗa da kafaɗa, kuma haɗinsu ya fi kowacce ƙanƙanta: a ninka su, a raba da jimillarsu. Kilo'om 10 da kilo'om 47 sun ba da kilo'om 8.2, kilo'om 10 da kilo'om 10 kuwa sun ba da kilo'om 5. Ga DAC mai turjiyar fita om 100 duk wannan ba komai ba ne. Ga tushe mai bawul da om 2,000 kuwa nauyi ne babba, zai ci wani ɓangare na ƙarfin, kuma yana iya ƙara jirkicewar sauti.

Akwai wani abu a wannan fuska da ba kasafai littattafan bayani suke faɗa ba. Tushe da yawa, musamman masu bawul, suna da kafasita, ƙaramin kayan lantarki mai riƙe caji, a mafitarsu domin tare wutar da ba ta kaɗawa, wato DC. Wannan kafasita idan ta haɗu da turjiyar da ke gabanta sai ta zama matacin da ke zubar da sauti mai kauri. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka kilo'om da maikurofarad, wato ƙimar kafasitar, a raba 159 da sakamakon, abin da ya fito shi ne haz ɗin, wato yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa, da kauri ya faɗi da desibel 3. Kafasita mai maikurofarad 1 a kan kilo'om 10 ta ba da haz 16, wanda ya matso kusa da abin da kunne yake ji. Mai maikurofarad 0.47 ta ba da haz 34, kuma wannan asara ce da ake ji a manyan ganguna da jita mai kauri. Mai maikurofarad 4.7 kuwa ta ba da haz 3.4, babu damuwa. Wannan kafasita ta 0.47 ɗin a kan kilo'om 50 za ta sauka zuwa haz 7. Don haka duk mai tushe mai bawul ya kamata ya tambayi kamfanin mafi ƙarancin turjiyar da suka yarda a ɗora wa na'urarsu.

Sai fuskar amfilifaya. Turjiyar fitar maragi ba a tsaye take ba, tana sauyawa da murɗawa. Tana da ƙanƙanta a can ƙasa, tana hawa har ta kai ƙololuwa a wurin da aka rage sigina da rabi, wato desibel 6, sannan ta sake sauka. A ƙololuwar tana kai rubu'in ƙimar maragin: kilo'om 2.5 ga mai 10, kilo'om 12.5 ga mai 50, kilo'om 25 ga mai 100. Wannan turjiya idan ta haɗu da riƙon cajin kebul sai ta zama matacin da ke zubar da siririn sauti. A ninka kilo'om da fikofarad, a raba 159,000 da sakamakon, a samu kilohaz ɗin da sirantar ta faɗi da desibel 3. A ɗauki kebul mai mita 3, wato fikofarad 300. Maragi mai kilo'om 10 ya ba da kilohaz 212, nesa ƙwarai da iyakar jin ɗan Adam wadda take kusan kilohaz 20. Mai kilo'om 50 ya ba da kilohaz 42, kuma asararsa a kilohaz 20 ta kusa desibel 1. Mai kilo'om 100 ya ba da kilohaz 21, kuma wannan dusashewa ce ta zahiri. A tuna kuma amfilifayoyi da dama suna da ƙaramar kafasita a mashigarsu domin tare siginar rediyo, kuma tana ƙaruwa ne a kan na kebul.

Adalci ya sa a faɗi cewa wannan lissafi na mafi munin wuri ne. A ragin desibel 26, inda aka fi zama, maragi mai kilo'om 10 yana da turjiyar fita om 475 ne kawai, mai kilo'om 100 kuma kilo'om 4.75. Ke nan wanda tsarinsa yake da rarar ƙarfi mai yawa ba zai cika zuwa wurin haɗarin ba, wanda kuwa tushensa mai rauni ne, yana murɗawa kusa da ƙarshe kullum, a can zai riƙa zama. Duk da haka na fi son a yi hukunci da mafi munin wurin, domin maragin da halin sautinsa yake sauyawa da murɗawa ba abin dogaro ba ne.

Idan aka haɗa fuskokin biyu, hukuncin da ya dace da yawancin tsare-tsare shi ne kilo'om 10: tushe mai taransisto da turjiyar fita ƙasa da om 600, amfilifaya mai kilo'om 25 ko fiye, kebul gajere. Kilo'om 20 ko 25 sun dace idan tushen yana kusa da om 1,000 zuwa 2,000 kuma amfilifayar tana da kilo'om 50 zuwa 100. Kilo'om 50 da 100 an yi su ne domin a dasa su a cikin akwatin amfilifaya, inda tazarar waya ba ta wuce 'yan santimita ba, kuma ba na ba da shawarar a saye su a matsayin akwati mai zaman kansa. Idan tushe yana da turjiya mai yawa, amfilifaya kuma tana da kaɗan, babu wata ƙimar rezista da za ta gamsar da su biyun.

Mataki na huɗu: a tsara wurin zama da kebul

Maragi ya zauna kusa da amfilifaya. Idan dole sai an yi doguwar tafiya, a yi ta tsakanin tushe da maragi, domin tushe yana da ƙarfin tuƙa dogon kebul, maragi kuwa ba shi da shi. Daga maragi zuwa amfilifaya mita ɗaya ko ƙasa da haka shi ne daidai, da kebul mai rufin kariya da ƙarancin riƙon caji, kuma akwai masu fikofarad 50 zuwa 60 a mita. Masu lasifikokin da ke da amfilifaya a cikinsu su kula sosai, domin kowace lasifika tana nesa, kuma turjiyar shigarsu sau da yawa kilo'om 10 ce. Haka ma wanda yake son raba fita gida biyu domin ya ƙara lasifikar kauri: turjiyoyin biyu za su haɗu su ragu, riƙon cajin kebul biyun kuma ya taru, don haka sai a sake lissafin mataki na uku da sababbin lambobin.

Mataki na biyar: a zaɓi nau'in maragi

Mafi sauƙi shi ne mai zamiya, wato fotenshiyomita, inda wani ɗan harshen ƙarfe yake zamewa a kan layin gawayi ko roba mai ɗaukar lantarki. Yana ba da kowace irin ƙara ba tare da tsalle ba. Lallai ya kasance mai hawa irin na sauti, wanda a yawancin kayan yanzu ake yi wa alamar A, domin mai hawa miƙaƙƙe, mai alamar B, zai tara dukan ƙarar a farkon murɗawa. Rauninsa shi ne layin hagu da na dama ba sa tafiya daidai a can ƙasa, inda bambancinsu yake iya kai desibel 2 ko 3, sai a ji muryar mawaƙi ta karkata gefe ɗaya idan ana sauraro a hankali da dare. Mai kyau irin RK27 na kamfanin Alps na Japan ya fi na kasuwa daidaito da daɗewa, kuma ga yawancin mutane ya wadatar muddin ba a ƙasa can ake zama ba.

Sai mai matakai, wanda makunni ne mai juyawa da jerin rezistoci tsayayyu. Tun da kuskuren kowace rezista bai wuce kashi 1 cikin 100 ba ko ƙasa da haka, hagu da dama suna zama daidai a kowane mataki, kuma wannan ita ce babbar fa'idarsa. Kamfanoni irin su DACT da Goldpoint da Khozmo sun yi suna a kansa. Iri uku ne. Mai jeri yana da rezistoci a sarƙe ɗaya bayan ɗaya, halinsa na lantarki daidai yake da na mai zamiya, kuma lissafin da ya gabata ya hau kansa yadda yake. Mai tsani yana zaɓen rezista biyu na musamman a kowane mataki, don haka mai matakai 24 yana cin rezista kusan 96 a hagu da dama. Mai karkatarwa yana da rezista ɗaya tsayayya a kan hanya, sannan makunnin yana sauya wadda take zubar da sigina zuwa layin ƙasa, wato wayar da sigina take komawa ta cikinta. Wannan na ukun yana da sharaɗi: turjiyar fitarsa tana ci gaba da hawa har ta kusa ƙimar rezistar kan hanya idan an ɗaga ƙara, kuma ba ya taɓa ba da cikakkiyar sigina. Mai kilo'om 10 a gaban amfilifaya mai kilo'om 47 yana asarar aƙalla desibel 1.7 ko an murɗa shi ƙarshe. Ana yawan jayayya a kan wanne ya fi daɗin sauti a cikin ukun, amma ni na fi damuwa da yawan matakan da yadda aka rarraba su. Mai matakai 24 yakan yi tsallen kimanin desibel 2 a tsakiya, tsallen kuma ya faɗaɗa a ƙasa, sai mutum ya ga mataki ɗaya ya yi kaɗan na gaba ya yi yawa. Mai 47 ko 48 ya rage wannan matsala sosai. A nemi jadawalin matakan kafin saye, a duba ko tsakanin desibel 20 da 40 ɗin nan tsallen ƙanana ne. Akwai kuma masu amfani da rile, ƙananan makunnai da wuta take motsawa, a madadin makunni mai juyawa, masu matakai 64 ko 128, waɗanda suke buƙatar wuta domin motsa rile ɗin kawai, siginar kuwa ta cikin rezista kaɗai take bi, kuma su ne suka fi sauƙin zuwa da rimot.

Nau'i na uku ya bambanta da waɗannan tun daga tushe, domin taransifoma yake amfani da ita, mai mafita da yawa a jikin naɗinta. Maimakon ta ƙona rarar sigina ta zama zafi, tana musayar bolt da ƙarfin tuƙi, kuma turjiya tana sauka da ninkin ragin sau kansa. Idan an rage sigina sau 10, wato desibel 20, turjiyar tushe tana raguwa sau 100, om 1,000 ya koma om 10, sai a ƙara 'yar turjiyar wayar naɗin. Wannan ya sa take iya tuƙa dogon kebul da amfilifaya mai ƙaramar turjiya a matakan da aka fi sauraro. Mai naɗi biyu tana kuma raba layin ƙasa na tushe da na amfilifaya, abin da yake kashe ƙugin da ake samu daga haɗuwar layukan ƙasa, mai naɗi ɗaya kuwa ba ta rabawa. Wasu suna da matakin ƙarin desibel 6, amma a sani idan an yi amfani da shi tushe zai ga rubu'in turjiyar amfilifaya ne, kilo'om 47 ya koma kusan 12. Taransifoma tana da nata sharuɗɗan: tana son tushe mai ƙaramar turjiya domin kauri ya sauka ƙasa sosai, ba ta jure wutar DC a naɗinta, tana iya kwasar ƙugi idan an ajiye ta kusa da babbar taransifomar wata na'ura, kuma mai kyau tana da tsada da nauyi. Kamfanonin Sowter da Stevens & Billington na Ingila suna cikin waɗanda aka sani da naɗa irinta.

Na ƙarshe shi ne mai rezista mai jin haske, inda ƙwan LED yake haska ta turjiyarta ta sauya. Babu harshe ko makunni a hanyar sigina, amma yana buƙatar wuta, jirkicewar sautinsa ta fi ta rezista ta yau da kullum idan an auna, kuma daidaiton hagu da dama yana gocewa da zafi da tsufa sai an riƙa gyarawa. Ba shi zan nuna wa mai farawa ba.

Mataki na shida: mahaɗai da sauran buƙatu

A ƙirga tushe nawa za a haɗa, a duba ko akwatin yana da mazaɓin mashiga da ya isa. Idan tsarin na XLR ne, wato mahaɗi mai ƙafa uku, maragin rezista yana buƙatar layi huɗu masu tafiya tare, biyu ga kowane ɓangare, kuma a tabbatar haka yake a ciki, domin wasu akwatuna XLR ɗinsu a baki ne kawai. A lura kuma XLR yakan ba da bolt 4 inda RCA, mahaɗin da aka saba gani mai tsinke ɗaya, yake ba da 2. Akwatin ya kasance na ƙarfe, a haɗe da layin ƙasa. Maganar rimot kuwa kada a raina ta, domin wanda zai riƙa tashi daga kujera a kowace waƙa zai gaji da na'urar komai kyan sautinta.

Mataki na bakwai: haɗawa da gwaji

Kafin a haɗa komai, a sa multimita, na'urar auna lantarki, a ma'aunin DC a auna mafitar tushe yana kunne ba a saka kiɗa ba. Ya kamata ta nuna sifili ko 'yan milibolt kaɗan. Idan ta fi haka, mai matakai zai riƙa yin ƙas-ƙas a kowace murɗawa, mai zamiya zai yi ƙaraurau, taransifoma kuma za ta jirkita kauri. Daga nan a kashe amfilifaya, a sauke maragi ƙasa, a haɗa kebul. Wajen kunnawa tushe ne farko amfilifaya ƙarshe, wajen kashewa amfilifaya ce farko, domin maragi ba shi da abin da zai tare bugun da tushe yake yi lokacin tashi.

Domin gwada daidaiton hagu da dama, a cire amfilifaya, a saka sautin gwaji mai haz 200 ko 400 wanda yake daidai a ɓangarorin biyu, domin multimita mai araha ta fi gaskiya a wannan zango, sannan a auna mafitar hagu da ta dama da ma'aunin AC a wurare da dama na mamurɗi, musamman rubu'in farko. Bambancin kashi 6 cikin 100 rabin desibel ne, kashi 12 kuma desibel ɗaya ne, kuma abin da ya wuce desibel ɗaya a wurin da ake yawan sauraro dalili ne na mayar da kaya. Idan za a kwatanta maragin da wata amfilifayar share fage, a daidaita ƙararsu da mita tukuna, domin kunne yana fifita wadda ta ɗan fi ƙara ko da bambancin bai kai desibel ɗaya ba.

Idan an ga ƙara ta riga ta yi yawa tun mamurɗi bai bar farkonsa ba, rara ce ta wuce kima. Maganinta shi ne a sauke ninkin amfilifaya ko fitar DAC idan suna da makunnin yin haka, ko a sa tsayayyun maragai na desibel 10 ko 12 a bakin mashigar amfilifaya, sai mamurɗi ya koma tsakiya inda daidaitonsa ya fi kyau. Su ma rezistoci ne, don haka a duba turjiyarsu, kada ta yi wa maragin nauyi.

Idan kuwa lissafin mataki na uku ya ƙi fita, ko kebul ba zai gajarta ba, taransifoma kuma ta fi ƙarfin aljihu, sai a sa bafa bayan maragin. Ƙaramar da'ira ce mai amfani da wuta wadda ba ta ninka sigina ko kaɗan, tana karɓa da turjiya mai yawa ta fitar da 'yar kaɗan. Da ita za a iya zaɓen maragi mai kilo'om 25 ko 50 domin tushe mai bawul ya sarara, a ajiye bafar a cikin akwati ɗaya da maragin, ita kuma ta tuƙa kebul mai mita biyar ko fiye zuwa amfilifaya mai kilo'om 10.